Ƙunshin Gyare

Idan gero ya fara nuna a Sule Tankarkar, mu yara ba mu da aiki sai tonon gyare. Da an ci tuwo mukan kawo su bakin murhun kakarmu, Inna Hajjo, mu gasa a toka tana ba mu tatsuniya.

Ran nan na kamo wani da ko ƙis bai yi ba. Da na juya shi sai na ga wani farin abu a ƙarshen cikinsa, bai kai ƙwayar gero ba, ga laushi kamar kindirmo. Na ce tsutsa ce, bari wuta ta cinye su tare.

"Ke Hauwa, sarkin gaggawa, sauke shi," in ji Inna. "Ango ne, lefe yake haɗawa."

Wai da can gyare ya je neman aure, ba saniya, ba turmin zane. Budurwar ta ce ba ta son komai sai abin da zai zama 'ya'ya. Ya koma raminsa ya yi tsit, ya tattaro irinsa daga cikin jikinsa, ya naɗe a ɗan ƙunshi. Da fari ruwa-ruwa ne, in ya yi saurin miƙawa zubewa zai yi. Maƙwabta suka yi ta dariya, wai mawaƙi ya zama bebe. Sai da ƙunshin ya yi ƙwari ya goga fikafikansa ya rera waƙa, budurwar ta ji, ta zo ta karɓa.

"In ya ba da ɗaya sai ya sake shiru ya haɗa wani," in ji Inna. "Shirun nan nasa aiki ne, 'yar nan."

Na sake shi a gindin danga, ina ƙunƙunin an hana ni nama.

Na girma na yi aure a Gumel, shekaru suka yi ta tafiya ba haihuwa. A asibiti aka ce daga maigidana ne, irinsa ya yi rauni, sai magani da haƙuri. Mutumin da ko alwala zai yi sai ya rera wani abu, ya koma gaisuwa ma da ƙyar. 'Yan uwana suka ce in fito tun da sauran ƙuruciyata. Wallahi na ji tsoro, har na fara ninke zannuwana. Amma kullum da safe ina ganin yana haɗiye maganinsa, bai taɓa tsallakewa ba. Inna ta daɗe da rasuwa, sai ga muryarta a kunnena tana kira na sarkin gaggawa. Na mayar da zannuwan akwati.

Da Allah ya ba mu 'ya, sunan Inna muka sa mata. Ranar suna, bayan baƙi sun watse, na jiyo wata murya a ɗaki. Maigidana ne yake yi wa jaririyar waƙa. Na tsaya bayan labule hawaye na zuba, na ƙi shiga, don kada ya ji kunya ya yi shiru.