Da Bakina Na Kawo Gidan Caca Layinmu

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon a ba ni fili in faɗi abin da ya same ni, ba tare da na ambaci sunan kowa ba. A lokacin da abin ya faru ni saurayi ne mai ji da kansa, haifaffen Agege a Legas, jikan tsohon soja. Ina aikin akawu a wani sito a Ilupeju, kuma ni ne sakataren matasan unguwarmu. Hausa, Yarbanci, Turanci da buroka, duk wanda aka taɓo ina ciki, shi ya sa duk taron da za a yi tsakanin Yarbawa masu gidajen haya da mutanenmu mahauta da dillalan shanu, ni ake kira in yi tafinta. Babu abin da nake so a duniya irin gardama. Ko a cikin danfo, motar haya, na ji ana musu sai na sa baki, kuma ba na sauka sai na ga na kayar da wani.

Wata rana labari ya bazu cewa wani oga daga cikin gari ya kama hayar tsohon gidan biredin da ke bakin layinmu, zai mayar da shi gidan caca na zamani, irin mai injuna da tebura, wanda suke kira kasino. Unguwa ta ɗauki zafi. A kwata maganar ake, a wurin mai shayi ita ce, har mata a wajen ɗiban ruwa. Ƙungiyar masu gidaje ta ce ba za a buɗe ba sai an zauna an ji ra'ayin kowa. Kafin ranar taron ogan ya aiko aka kira ni. Ya nuna mini hotunan yadda wurin zai kasance, ya ce ya ji labarin bakina, kuma irina ne masu kawo ci gaba. Wallahi ko sisi bai ba ni ba, ban kuma nema ba. Yabon nan kawai ya shiga kaina. Na fito ina jin kamar ƙasa ba za ta ɗauke ni ba, tun a kan okada na fara shirya hujjojina ina magana ni kaɗai, har mai babur ya waiwayo ya tambaye ni ko lafiya.

Ranar taron harabar makarantar firamare ta cika maƙil, wasu a kan benci, wasu a tsaye jikin katanga. Wanda ya fara magana wani dattijo ne dillalin fata, aminin marigayi mahaifinmu, muna ce masa Baba. Da Hausa ya yi, a hankali. Ya ce caca haramun ce, wannan kowa ya sani, amma ko an ajiye addini gefe, shi ya ga irin wannan gida a Mushin, ya ga magidanta sun shiga da jarinsu sun fito da rigar jikinsu. Ya ce wanda ya gina gidan caca ba don ya yi asara ya gina ba, kuma mutanenmu kullum kuɗin mutane ne a aljihunsu, bai kamata a ajiye musu wannan abu a bakin ƙofa ba. Ni ne mai fassara. Da na juya wajen Yarbawa sai na taƙaita duk wannan na ce Baba yana tsoron sabon abu ne, ya fi son layin ya zauna yadda ya same shi. Aka kwashe da dariya. Baba ya dube ni, ya zauna.

Sai aka ba ni fili. Ban taɓa jin daɗin magana irin na ranar ba. Na ce caca ai tana nan tare da mu, ana yin ta a ƙarƙashin gada da bayan tasha, ana ƙarewa da wuƙa, to wanne ya fi, wadda ake yi a ɓoye ko wadda ke da lasisi hukuma na sa mata ido? Na ce za a biya haraji, za a ɗauki samarinmu aikin gadi da shara da karɓar baƙi, za a sa fitilu a layin, masu abinci za su samu ciniki. Na ce nan Legas ce, layinmu ba na Musulmi kaɗai ba ne, kuma ba wanda za a ja da igiya a shigar da shi, kowa da hankalinsa. Ina yi da Yarbanci in juya Hausa in watsa Turanci, tafi na tashi ta ko'ina. Da aka ce a ɗaga hannu, muka yi rinjaye. Matasa suka ɗaga ni sama suna kiran sunana. Daga can sama na hango yayana, hannunsa a ɗage, yana murmushi. Shi mahauci ne, mutum mai shiru, daga kwata sai masallaci sai gida wajen matarsa da 'ya'yansa. Na tabbata bai damu da gidan caca ba, ƙanensa kawai ya ɗaga wa hannu.

Ranar buɗewa sai ka ce sallah. Kiɗa, shinkafa, lemo, fitilu masu launi ko da rana tsaka, sanyin na'ura har bakin titi. Aka raba wa manyan baƙi 'yan kwabbai na roba kyauta don su gwada, ni ma aka cika mini hannu. Na je har gida na jawo Yaya, yana cewa shi bai iya waɗannan abubuwa ba, ina cewa ya zo dai ya ga abin da ƙanensa ya kawo. Ni na zaunar da shi gaban injin, ni na nuna masa inda zai danna. Sai ga injin ya ɓarke da ƙara, fitilunsa na walƙiya, jama'a suka yo kanmu da ihu. Yaya ya ci. Na rungume shi muna tsalle kamar yara. Da yamma ya saya wa matarsa atamfa, ya saya wa mahaifiyarmu buhun shinkafa, bai faɗa musu daga inda kuɗin suka fito ba, ni ma na yi shiru. A makonnin farko komai ya tafi yadda na faɗa. Fitilu suka haska layin, samari suka samu aiki, mai tuwo ta ƙara tukunya. In na wuce ana gaishe ni kamar kansila.

Ni caca ba ta kama ni ba, na gwada na bari. Ban san Yaya ya ci gaba da komawa ba. Sana'arsu ta amana ce, dillali ya ba ka sa da safe, ka yanka ka sayar, ka kai masa kuɗinsa da yamma. Yaya ya fara biyawa ta gidan cacar da cinikin ranar kafin ya kai wa masu shi, da niyyar ya juya su sau ɗaya. Ranar da ya ci sai ya biya, ranar da aka cinye shi sai ya kawo uzuri. Da uzurin ya yi yawa dillalai suka daina ba shi shanu, maganar ta zagaye kwata. Ni ina can ina ta yawon taro ban sani ba, sai da matarsa ta same ni a ƙofar gida ranar wata Asabar da hantsi, da goyo a bayanta. Ta ce tun jiya ba a ɗora tukunya ba, Yaya ya sayar da firijin naman, ya sayar da kekenta na ɗinki. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kai ka kai shi, sai ka je ka fito mini da shi."

Na same shi a gaban injin nan dai. Ya rame, idanunsa sun yi ja, bai ma ji sallamata ba. Da na dafa shi sai ya ce in ɗan jira, saura kaɗan ya dawo da komai. Da ƙyar na fitar da shi. Na koma wajen ogan na roƙe shi ya hana Yaya shiga. Ya karɓe ni da fara'a, ya ce shi yana bin doka, yana biyan haraji, ba shi da ikon korar baligi mai hankali. Na nemi a sake kiran taro don a rufe wurin, aka ce haya ta shekaru aka ƙulla, an sa hannu. Samarin da suka ɗaga ni sama su suka tare ni suka ce kada in taɓa musu abincinsu. Kuma ba Yaya kaɗai ba ne, na fara jin labarin masu okada da suka rasa babura, da wani mai shago da ya gudu ya bar iyali.

Baba ne ya ceci gidanmu. Ya bi dillalan ɗaya bayan ɗaya ya tsaya wa Yaya, ya ɗauke shi aiki a rumbunsa na fata, yana biyan mutane a hankali daga ladansa. Na je na durƙusa a gabansa na faɗa masa yadda na murɗe maganarsa ranar taro. Ya ce ya gane tun a lokacin, don ya ga ana dariya a inda babu abin dariya. Ya ce ya yafe, amma in nemi yafiyar waɗanda ban bari suka ji gargaɗinsa ba.

Yau gidan cacar yana nan yana ci. Yaya ya daina, alhamdu lillahi, sai dai mutumin da a da yake da yaransa a kwata yanzu shi ke shanya fatar wani, kuma ba ya bi ta bakin layinmu, zagaye yake yi ko da masallaci za shi. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Na koyi cewa cin gardama daban, gaskiya daban. Hujjojina na aiki da haraji ba ƙarya ba ne, amma ban tsaya na tambayi daga aljihun wa kuɗin za su fito ba. Ina gargaɗin duk wanda Allah Ya ba baki, musamman matasanmu na bariki, idan aka kawo maganar halatta caca a unguwarku, kafin ka miƙe ka ce kowa da hankalinsa, ka dubi mutanen gidanku ka zaɓi wanda ka yarda a cinye. In ba ka iya zaɓa ba, to ka zauna.