Kawu Yohanna da Dangin Maƙwaƙƙwafi

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Kawu Yohanna a Ikara ya san ba a kai ƙarshen gaisuwar. Kana tsugune kana "ina gajiya," sai ya ɗaga maka hannu. "Shiru!" Wai ya jiyo maƙwaƙƙwafi yana sarar itace. Haka zai bar ka a durƙushe ya bi tsuntsu.

Malamin kimiyya ne a Makarfi, kafin gwamnatin soja ta rage ma'aikata ta haɗa da shi. Kowa na jaje, shi ko murna, wai yanzu ya sami lokacin aikin gaske. Aikin me? Gano wane maƙwaƙƙwafi ne ɗan'uwan wane! Ya ce akwai wani ɗan mitsitsin abu a jikin tsuntsu da mutum, mitokondiriya, daga uwa kaɗai ake gadonsa, kuma da shi masana ke bin sawun dangantaka. Namiji yana karɓa, amma ba ya miƙa wa 'ya'yansa.

Lokacin da kananzir ya yi wuya, matarsa Mama Saratu ta sa a sare busasshiyar ɗorawar gonarsu. Kawu ya rungume itacen.

"Akwai iyali a ciki!"

"Mu fa, Malam? Haya muke?"

"Ku kuna da rufi."

Ranar garin kwaki muka jiƙa.

Wata rana a hanyar Kudan soja ya zazzage jakarsa, sai ga fuka-fukai.

"Baba, asiri kake yi?"

"Yauwa, zauna in yi maka bayani. Wannan na Paki ne, wannan na Kurmin Kogi, ina zargin kakarsu ɗaya."

Bai kai rabi ba sojan ya tsare mota da kansa, ya roƙi direba ya tafi da shi.

Ni ce dai na fi shan wahalarsa. Mahaifiyata ita kaɗai ce 'yar'uwarsa mace, ni kuma ni kaɗai ce 'yarta. A lissafin Kawu, abin da uwarsu Kaka Ladi ta bari yana jikina, in ban haifi mace ba ya ƙare ke nan. Da na haifi ɗan fari, gida ya cika da guɗa, Kawu ya leƙa zani.

"Namiji? To, Allah ya ba da haƙuri."

Mijina ya kusa shaƙewa. A na biyu Kawu cewa ya yi, "Rifkatu, da gangan kike yi?" A na uku ko zuwa bai yi ba, ya aiko a ce yana gaishe ni da ƙoƙari. Haushi ya sa na daina zuwa gidansa. Na ce wa Mama Saratu ni ba tsuntsuwa ba ce.

Sai da ciwo ya kwantar da shi na haifi mace. Na so in ja masa rai, wallahi, amma na kasa. Na goya ta zuwa Ikara, na ɗora masa ita a ƙirji. Na zaci zai fara lacca. Bai yi ba. Ya daɗe yana kallonta.

"Wane suna?"

"Ladi."

Sai ya ce da ita a hankali, "Inna, sannu da zuwa. Kin daɗe."

Nan na gane ba tsuntsu yake nema ba duk shekarun nan, kewar uwarsa yake yi. Na yi kuka har na ba shi kunya.

Kawu, ka ba mu wahala, kuma muna kewarka. Allah ya ba ka hutawa, ya sada ka da Innarka. Amin.