Muryar da Ka Hana Mu Ajiyewa

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. A ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Maris, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran yayana, injiniyan sauti, wanda abokansa suke kira Mai Kunne. Ciwon zuciya ne, bai yi doguwar jinya ba. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Na zauna in rubuta yabonsa, sai na tarar har yanzu haushinsa nake ji. To bari in gaya masa kai tsaye, kamar yadda na saba.

Yaya, ka bar mu da aiki. Tun da masu gaisuwa suka ragu, 'yarka ta fari take roƙon abu ɗaya: muryarka. Tana da tsohon ciki, jikanka na farko, kuma so take in yaron ya yi wayo ta kunna masa ya ji kakansa. A gidan kowa wannan ba abin wahala ba ne. Amma a gidan mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana naɗar muryoyin jama'a, sai ga mu muna ta birkice rumbunan kwamfuta, mun rasa.

Wanda bai san ka ba yana bukatar bayani. A wurinka sauti iri biyu ne. Akwai na gama-gari, irin na faifan CD, wanda duniya take saurara tana godiya. Akwai kuma babban fayil, mai cinye wuri, wanda ka rantse ya fi tsafta, ya fi zurfi, har numfashin mai waƙa ana ji. Maigidana, wanda malamin kimiyya ne, ya sha gaya maka cewa yawancin abin da aka ƙara a babban ya wuce iyakar jin ɗan'adam, sai dai in jemage za ka gayyato ya saurara. Kai kuma ka ce kunnensa ne ya toshe da alli. Shekara da shekaru kuna wannan gardama, a kan tabarma, a mota, har a layin asibiti. Abin da ya fi ba ni haushi, a shekarun nan na baya sai a buga ƙofa har hannu ya yi zafi ba ka ji ba. Amma wai kana jin bambancin kebul da kebul.

Ba zan zalunce ka ba, alherinka yana da yawa. Babu maƙwabcin da bai kawo maka rediyo ko lasifika ba, kuma ba ka taɓa karɓar ko sisi ba, sai dai mutum ya biya da zaman sauraron lacca. Lokacin da idanun Mama suka mutu, kai ne ka kwashe kayan aikinka ka kai ɗakinta, ka rufe tagogi da barguna, ka ba ta dama ta ba da labarin kuruciyarta son ranta. Yau in kewarta ta kama ni, kunnawa nake yi in ji ta kamar tana gefena. Ka naɗi Baba yana tari yana faɗa, ka naɗi kukan 'ya'yana na farko, ka naɗi tsohon mai gadin layinmu domin jikokinsa. Har ruwan sama a kan kwano mun samu a rumbunka, kashi-kashi, kowanne da sunansa.

Amma kai fa? A duk waɗannan kana bayan na'ura, yatsa a baki, kana harararmu mu yi shiru. In muryarka ta kuskure ta shiga, ka bi ta ka yanke. Sau nawa na ce ka zauna gaban makirufo ka yi wa yaranka magana? Sai ka ce a bari sabon makirufo ya iso. Ya iso, ka ce ɗakin yana amsa amo, sai an gyara bango. Aka gyara bango, ka ce mura kake yi. Saƙon murya kuwa ba ka taɓa aika wa kowa ba, wai waya tana matse murya ta mayar da ita ta kwaɗo. Wanda ya ɗauke ka da waya a taro, sai ka tsaya a kansa har ya goge. Mu kuma da yake yaya ne, muka riƙa bi. Haba Yaya, wannan wane irin taurin kai ne?

Ka tuna ranar gwaji? Maigidana ya gaji da musu, ya zaunar da kai a falonka, ya juya fuskar kwamfuta bango, ya ce zai kunna waƙa ɗaya sau da yawa, kai ka faɗi wanne ne babba wanne ne na gama-gari. Ka lumshe ido, ka ɗaga yatsa, ka riƙa yanke hukunci kamar alƙali. Da aka duba, rabi ka dace rabi ka faɗi, daidai da wanda ya yi canke. Wanda ka fi yabo ma, har kana girgiza kai, na gama-garin ne. Ba ka sallama ba. Ka ce fanka ce ta ɓata gwajin. Da ka lura wayar maigidana tana naɗa daga aljihun rigarsa, ka sa shi ya goge, ya ce ya goge.

To bai goge ba. Ya ajiye ne domin ya riƙa tsokanarka, sannan ya manta. Shekaranjiya ya tono ta daga tsohuwar wayarsa mai fasasshen gilashi, muka taru a falon nan naka: ni, da shi, da 'yarka, da matarka, wadda kake kira Malama. Manyan lasifikokinka suna tsaye a kusurwa, an lulluɓe su da zane, babu wanda ya san yadda ake haɗa su. A ɗan bakin wayar muka saurara.

Da kana nan da ka toshe kunne. Rigar maigidana tana gogar wayar, fanka tana ruri, muryarka tana zuwa daga nesa kamar daga cikin tulu. Amma ga ka nan, kana cewa, "Kun ji ko? Ai wannan ko kurma ya san babban ne." 'Yarka ta dafe cikinta, tana dariya tana hawaye. Can wajen ƙarshe, bayan an gaya maka sakamako, sai muryarka ta ɗaga: "Malama, don Allah kashe min fankar nan."

Malama ta ce, "To," ta miƙe, ta je bango ta kashe fanka. Sai da ta juyo ta gan mu, sannan ta tuna. Ta daɗe a tsaye, hannunta a kan makunnin.

Ni ban san kimiyya ba, Yaya, kuma ba zan raba gardamarku ba. Wataƙila akwai kunnen da yake jin bambancin. Abin da na gani da idona shi ne, naɗin da ya fi kowanne muni a gidan nan ya tashi matarka daga kujera. Wannan naɗin jikanka zai gada: kakansa ya faɗi gwaji yana ɗora wa fanka laifi. Kai ka jawo, da ka zauna gaban makirufon nan ko sau ɗaya da ya ji ka kana sa masa albarka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama, da 'ya'yanka, da abokan aikinka, da maigidana wanda ya rasa abokin musu, tun ranar bai ƙara ɗaga murya a gida ba. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya sauki 'yarka lafiya. Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa alherin da ka yi wa mutane ya bi ka. Ya sa ka a Aljanna, inda malamai suka ce akwai abin da kunne bai taɓa ji ba. Can kam, Yaya, babu mai yi maka gardama.