Injin Wankin Inna Uwani

Innarmu Uwani ta haura shekara sittin a duniya, kuma in aka tambaye ni abin da ta fi ƙwarewa a kai, zan ce abu biyu ne: fitar da dattin wuyan riga, da kauce wa sunan ɗanta na fari. Ni ce autarta Raihanatu, saboda haka nawa sunan ya sha kira har ya gaji. Daga asuba zuwa magariba ana jin sa har layin baya.

'Yar Gumbin Kure ce ta ƙasar Maiyama. Aure ya kawo ta Jega, unguwar Jega Magaji, gidan Malam Maiwada manomin albasa, Allah ya jiƙansa. Da ta haifi ɗan fari aka raɗa masa Habibullahi, daga ranar ta kulle bakinta ga wannan suna, yadda uwarta ta yi da nata, yadda kakarta ma ta yi. Ana yaye shi aka kai shi wajen kaka a Gumbin Kure, can ya girma. In ya zo gida "kai" ne, in ba ya nan "wancan". Akwai wani mai shago a bakin layinmu da ya yi rashin sa'ar zama takwaransa. Shekara ashirin Inna na sayen gishiri wurinsa, bawan Allah bai taɓa wuce "Mai-sunan-wani" ba.

Bayan rasuwar Baba ne ta kama wankau. Ta fara da kayan 'yan kasuwa, daga baya ɗalibai da malaman jami'ar Aliero suka gano ta, ake turo mata ƙullin kaya a motar haya duk mako. Da aiki ya yi yawa ta sayi wani inji ɗan gwanjo mai baki biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matsa. In aka kawo wuta ya tashi, sai ka ce ana niƙa a tsakar gidanmu. Yana tafiya ma, don in ba a tare shi da dutse ba sai a tsince shi a ƙofar madafa. Duk da haka Inna ba ta yarda a zage shi.

Bara bayan babbar Salla ya yi wata ƙara, ya fitar da hayaƙi, ya yi shiru. Mai gyara ya buɗe cikinsa, ya leƙa, ya rufe, ya ce wannan sai dai a yi masa addu'a.

Inna ta koma wankin hannu kamar ba komai. Amma hannun shekara sittin ba na shekara talatin ba ne. Sabulu ya cinye mata tsakanin yatsu, fatar ta tsattsage, har wata rana na ga jini a farar rigar wani malami, ta sake wanke ta tana ɓoye mini. Kaya suka fara makara, mutanen Aliero suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan sana'ar da ita ta rene mu, ita ce mutuncinta a unguwa, ga ta tana zamewa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na faki idonta na kira Yaya Habibullahi a Fatakwal, inda yake dillancin albasa. Kafin la'asar ya sayi sabon inji ta waya a wani kamfani, ya ce ranar Talata za a kawo har gida.

Ranar Talata direban kamfanin, wani mai suna Yasir, ya kira daga tasha yana neman kwatance. Kuskurena shi ne na bar wayar a hannun Inna. Ta ce masa ya miƙe har inda tsamiyar nan take, ya karya kwana wajen gidan Sarkin Pawa. Tsamiyar an sare ta tun ina firamare, Sarkin Pawan kuwa ya rasu, gidan ya zama wurin cajin waya. Sai da Yasir ya kusa Maiyama kafin na kamo shi na dawo da shi.

Ya iso yana zufa, aka kama masa aka sauke kwalin a zaure. Inna ta zagaya shi sau biyu, ta ce ai ba a bukatar mai girma haka, amma na ga yadda take shafa kwalin. Sai Yasir ya fito da wayarsa.

"Inna, abu guda yar rage. Ki dubi wayag ga ki ce, ni wance na amshi kaya daga wane. Shi ke nan, sai in tahi."

Inna ta gyara mayafi, ta dubi waya. "Ni Uwani na amshi kaya daga wancan."

"Wancan wa, Inna?"

"Wanda yab biya mana."

"Sunanai za ki hwaɗi."

Inna ta dube shi kamar ya ce ta cire ɗankwali a kasuwa. Na yi maza na ce ni zan faɗa, ai ni ma 'yar gida ce. Yasir ya girgiza kai. Ya ce an taɓa yin rigima, wani ya karɓi kayan da ba nasa ba, tun daga nan ofishinsu ya ce sai wanda sunansa ke takarda ya faɗi sunan mai aikowa da bakinsa, a ɗauka da waya a tura musu. In ba haka ba kaya su koma mota.

"Ɗan hwari na," na raɗa masa.

Ya dafe kai. "Wallahi na gane. Ni ma tsohuwata Baƙo taka ce min har gobe. Amma ohis ɗinmu Legas shi ke, ba su san wanga zance ba."

Haka aka sake kinkimar inji aka mayar mota. Inna ta dama masa fura ya sha kafin ya tafi, don a wajenta ba a yin faɗa da baƙo, ko da ya tafi da injinka.

Ranar Alhamis ya dawo, Inna kuwa ta kwana biyu tana shiri. Aka sauke, aka saita waya.

"Ni Uwani na amshi kaya daga ɗan Malam Maiwada na hwari, wanda anka yaye Gumbin Kure, mai saida albasa Hwatakwal, mai tabo ga goshi, wan wagga yarinya." Ta nuna ni da baki, ta juya ga Yasir. "In sunka ce ba su gane shi ba, to ba su so na."

Ni dai na tabbata ko ɗan sanda aka ba wannan kwatance sai ya kamo Yaya a tsakiyar kasuwar Fatakwal. Yasir ya tura. Ba a yi minti biyar ba amsa ta dawo, ba a ji suna ba. Maƙwabtan da suka kama aka sauke, su ne suka kama aka ɗora, ɗayansu yana tambaya ko kullum za a riƙa kawo injin ne ya gaishe mu. Yasir ya ce saura zuwa ɗaya. In Asabar ta wuce, kaya za su koma Legas, kuma bai san watan da za a sake waiwayarmu ba.

A ranar na yi wa Inna tsiwar da ban taɓa yi ba. Na ce hannunta na jini, mutane na ɗauke kayansu, ita tana nan tana rowar suna guda. Ba ta ɗago daga bahon wanki ba.

"Hannuwan nawa na," ta ce. "Bakin ma nawa na."

Asabar da hantsi Yasir ya zo. Wannan karon bai ma sauke ba, buɗe bayan motar kawai ya yi a ƙofar gida. Inna ta fito zaure hannuwanta cikin mayafi. Ya ɗaga waya, ta buɗe baki ta kai "daga", ta tsaya. Ni kuwa na gaji, na kira Yaya a wayata, na sa yadda kowa zai ji, na zayyane masa komai. Na zata zai yi faɗa. Dariya ya yi.

"Malam Yasir, ka yi haƙuri, mun wahal da kai. Ka mai da shi. Kar a matsa ma Inna."

"Yaya, hannuwanta hwa?"

"In na sauke kayan da ke hanya, ni zo da wani da kaina, ko bisa buhunnan albasa na. Raihanatu, shekarata arba'in da ukku ban taɓa jin sunana ga bakinta ba, kuma ban mutu ba. Ba kan injin wanki za ni hwara nema ba."

Da wasa ya faɗa, amma ƙarshen maganar bai fito da wasa ba. Ban taɓa tunanin yana ƙirga shekarun ba, na kuma tabbata ita ma ba ta taɓa ba. Na dubi Inna, na ga ta ƙura wa wayata ido.

"Kai, ɗaga abin naka," ta ce da Yasir.

Ya ɗaga.

"Ni Uwani na amshi kaya daga..." Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa, a hankali, kamar mai ɗaukar ƙwarya cike da nono. "Habibullahi."

Can daga cikin wayata, ta cikin hayaniyar kasuwar Fatakwal, muka ji an amsa da wata murya da ban san Yaya da ita ba.

"Na'am, Inna."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ba da kai nika magana ba," ta ce. "Da waya ni kai."