Jegon Raliya a Gidan Kadi

Kadi ungozoma ce a unguwar Goudel da ke bakin kogi, Bazabarma mai kaurin hannu, wadda ta koyi Hausa wajen sayar da ganyen salati a Babbar Kasuwa. Karɓar haihuwa kuwa wajen kakarta ta gada, tsohuwar da ta yi zamanin da ake yanke cibi da tsagin kara.

Shekarar babban fari, bayan soja sun karɓi mulki, mutanen arewa suka cika bakin gari cikin bukkokin tabarma. Wata safiya Kadi na wucewa da kwandonta ta ji nishi. Wata mata ce mai suna Raliya, daga wajen Tahoua, naƙuda ta kama ta, mijinta Ado yana can layin rabon dawa. Kadi ta aje kwando ta ɗaure zane. Kafin azahar ɗa namiji ya faɗo.

Raliya ta dubi mabiyiya, hawaye ya zubo mata.

"Inna, ina za a binne ta? A garinmu bayan ɗakin uwa ake sa ta."

"Ni ma ina da bayan ɗaki, ɗiyata," in ji Kadi.

Sojan da ke tsaron wurin ya ce ba mai fita sai da izini. Kadi ba ta ja da shi ba. Jaririn ta ɗora masa a hannu, ta koma ta tallabo uwar. Da suka fito, shi da kansa ya tsaida musu amalanken jaki.

Itace ya yi wuya a shekarar, wankan jego kuma ba a yinsa da ruwan sanyi. Kadi ta bi unguwa gida-gida. Masu garka suka kawo busassun rassa, masunta suka ba da tsohon jirgin ruwan da ya fashe aka faskara shi. Safe da yamma tukunya na tafasa da ganyen darbejiya, har arba'in ba fashi. Kunun kanwa da jar dawar taimako aka riƙa dama shi, Raliya tana sha tana yatsina, amma nono ya zo.

Ranar suna babu rago. Kifi aka ci, liman ya raɗa wa yaro suna Harouna.

Da ruwa ya sauka, Ado ya kwashe iyalinsa suka koma shuka. Kafin nan labari ya riga ya kai bukkoki, masu ciki suka riƙa zuwa da ƙafarsu. Kadi ba ta mai da ko ɗaya ba. Da ɗakinta ya cika, maƙwabta suka buɗe nasu.