Kitson Fulehun

Shekara goma sha tara Fulehun ya yi yana ciyar da kifayen ado a fadar Beijing. An sauke sarki, ikonsa ya tsaya a bakin ƙofar fadar, amma kifaye ba su daina jin yunwa ba, don haka Fulehun bai tafi ko'ina ba. Duk wanda ya tambaye shi me ya zaunar da shi sai ya dafa ƙirji ya ce biyayya. Gaskiyar magana, ragowar gasasshiyar agwagwar fada ce ta riƙe shi, don a gidansa kabeji ake ci safe da yamma.

Matsalarsa gashi. A cikin fada, namijin da ba shi da dogon kitson Manchu, ƙabilar sarki, a ƙeya korarre ne. A waje kuwa 'yan sandan sabuwar gwamnati na yawo da almakashi. Ranar da suka ritsa shi a kasuwa suka datse nasa, sai ya tsince shi daga ƙasa, matarsa ta ɗinke masa a jikin hular aiki. Da safe bawan sarki, da yamma ya cusa hular a buhu ya saje da mutanen gari.

Rannan wani jan kifi ya wayi gari ciki a sama. Tsoho Gunggan, shugaban ma'aikatan lambu, ya aika a kira shi. Fulehun ya karkaɗo bakin hannun rigarsa mai siffar kofaton doki, ya durƙusa. Saura abu ɗaya: mai neman gafara sai ya tuɓe hula kafin ya kai goshi ƙasa.

"Hular fa?" in ji Gunggan.

"Ranka ya daɗe, bawanka mura yake yi."

"Ita ka shafa wa kifin? Tuɓe."

Ya tuɓe. Kitso ya bi hula, ƙeya ta fito fili kamar ƙwai.

Gunggan ya karɓa, ya shafa, ya shinshina. "Me kake sa wa kitson nan?"

"Man riɗi, ranka ya daɗe."

"Shi ya sa." Tsohon ya duba hagu da dama. "Kifin nan tsufa ya kashe shi, ya girme ka. Wata uku ina tafiya a bayanka, ina ganin zaren ɗinkin nan, ina haɗiyar miyau." Ya ɗaga tasa hular kaɗan, nasa kitson ma ya ɗago. "Wutsiyar alfadari ce. In an yi ruwa, ko ni ba na son zama da kaina. To, zaɓi: ka fita da naka, ko ka zauna da nawa."

Fulehun bai ɓata lokaci ba, ya miƙa hannu biyu ya karɓi hular tsohon, har da godiya.

Ya ƙara shekara biyar a bakin aikinsa. Matarsa dai ba ta taɓa yarda hular ta kwana a ɗaki ba. A reshen bishiyar tsakar gida ake rataye ta, ita da ƙudajenta.