Fatar Akuyar Da Na Ajiye Wa Sufeto

Ni ba na mantuwa, kuma ban taɓa cewa ina da haƙuri ba.

Ina sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tanut na karanta cewa sararin samaniya buɗewa yake yi, tarin taurari suna nisantar juna, masana na auna saurin abin don su gane ko yana raguwa. Yaya zan nuna wa 'ya'yan makiyaya wannan? Na jiƙa fatar akuya, na ɗiɗɗiga mata tawada. Yara suka kama gefe-gefe suna ja, ni ina auna tsakanin ɗigo da ɗigo da yatsu. Duk ɗigon da ya fi nisa, shi ya fi gudu. Har na bayan aji suka gane!

Ranar ce sufeton makarantu ya shigo daga Damagaram. Ya toshe hanci.

"Aji ne wannan ko majema? Ɗan ƙauye kawai!"

Ya sa ƙafa ya ture fatar waje a gaban ɗalibaina, ya ce sai an ɗauke ni daga garin. Na ce, "Ranka ya daɗe, mahaifiyata na kwance a garin nan, ni kaɗai gare ta." Duk da haka ya rubuta rahoto a kaina, aka jefa ni wata makarantar daji bayan Tenhiya. Ta rasu a damina ta biyu, labari ya iske ni bayan kwana shida.

Fatar kuwa na naɗe ta, na ajiye. Wallahi kullum na gan ta sai na tuna fuskarsa.

Bayan shekara bakwai aka tara malamai a Damagaram, shi ne mai jawabi. Wani ya tambaye shi yadda sama ke buɗewa alhali babu inda ta nufa. Ya yi ta kame-kame da Faransanci, gumi na zuba. Na miƙe. Tun ina daji na ga batun cikin takardar gayyata, na kwana uku ina jiƙa fatar, sai wari take.

"Ranka ya daɗe, kama nan. Ja!"

Manyansa na zaune, ba damar ƙi. Ya kama, ruwan fatar na ɗiga kan farar rigarsa. Na yi awo a hankali, ɗigo bayan ɗigo, na sake maimaitawa. Aka yi tafi.

Ya raɗa mini, "Malam, in saki?"

Na ce, "Kwana shida kafin in ji mahaifiyata ta mutu. Riƙe tukuna."